Yaya, ka kai ta da ƙafarka

Jidda, daren Juma'a

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali baki ɗaya. Ina gaida Inna, ya ƙafar tata? Ni lafiya lau nake, alhamdu lillahi, sai kewar gida. Na zaɓi in rubuto ne maimakon saƙon murya, don na san halinka: ka saurara sau ɗaya a cikin hayaniyar kasuwa, ka ce "to, madalla", shi ke nan an wuce wurin. Wannan kuwa kana iya komawa kansa, kuma ka ba 'yar taka ta karanta da kanta.

Jiya na turo naira dubu 150 ta hannun mutumin da muka saba, ka duba asusunka. Dubu 30 na maganin Inna ne. Dubu 45 kuɗin lesin ɗin yarinyar na wata uku, a biya malamin gaba ɗaya kada a riƙa gutsura masa. Ragowar duka na JAMB ne, jarrabawar shiga jami'a da za ta zana: fom, kuɗin cibiyar rajista, kuɗin mota, da abin da ba a rasa ba. Don Allah Yaya, kada a taɓa su. Na san bikin gidan Gwaggo ya matso, na kuma san za a zo maka da maganar anko. Ba na anko ba ne. In an matsa, ka ce ni na hana, ni dai an riga an saba zagina.

Wata 'yar unguwarmu da ta zo Umara ta biyo ta wurina, ita ce ta tsegunta mini cewa wai akwai wani abokinka mai hanya, ya ce a kawo dubu 300 zai samar wa yarinyar gurbi ba tare da wahala ba. Ban san ko gaskiya ne ba, amma tun ranar barcina ya ragu. Yaya, gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah. Ka manta abin da ya sami Abba bara? Ka miƙa shi ga yaron nan mai shagon kwamfuta, ya yi masa komai da layin wayarsa shi yaron, ya kuma zaɓa masa darussa yadda ya ga dama. Yaro yana son injiniya, aka sa masa Bayoloji a gurbin Lissafi. Ya ci maki 231 mai kyau, ya tashi a tutar babu. Da aka koma neman mai shagon, ya ce layin ya ɓata. Shekara guda ke nan Abba yana zaune yana taya ka jiran shago. Ba gori nake maka ba, wallahi abin har yau yana ci mini rai kamar ɗan da na haifa.

Tun 2017 gurbin karatu ba ya fitowa sai ta shafin JAMB da suke kira CAPS. Makaranta ce za ta miƙa sunan yaro, hukumar ta amince, sannan yaron ya shiga da kansa ya danna cewa ya karɓa. Duk takardar admishan da wani zai zaro daga aljihu, in ba ta bi ta nan ba, takardar tsire ce. Sai yaro ya gama karatun shekara huɗu ko biyar, a zo tafiya bautar ƙasa a ce babu sunansa. Abokin naka ka ba shi haƙuri, ka ce uwar yarinyar ba ta da hali. Ba ƙarya ka yi ba.

Ga abin da nake roƙonka. Zuwa da kai ya fi saƙo, ko da yake ni mai faɗar haka ga ni nan ina aiko saƙon.

Kafin komai, ka ɗauko takardar NIN ɗinta, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ka ajiye kusa da abin da makaranta ta rubuta a rajistar WAEC da NECO, ka bi harafi-harafi. Sunan marigayi ubanta kowa da yadda yake rubuta shi da boko, wani ya sa "u" wani ya sa "o", wani ya ninka harafi. In sun saɓa, ko ranar haihuwa ta bambanta, a gyara tun yanzu, domin abin da ke kan NIN shi kwamfutar JAMB za ta jawo, kuma tun 2021 ba a rajista sai da shi. Batun shekaru babu damuwa, 16 suke nema, ita kuwa ta cika 17 tun da damina.

Sannan layin waya. A saya mata sabon sim nata na kanta, wanda ba a taɓa yi wa kowa JAMB da shi ba. Ba naka ba, ba na Anti ba, ba na Abba ba. Da shi za ta tura kalmar NIN da lambobinta 11 zuwa 55019 ko 66019, su maido mata da lambar da za a sayi fom da ita. Wannan sim ɗin, Yaya, ka ɗauke shi kamar takardar gida. Da shi za a duba sakamako, ta nan duk wani saƙo zai shigo har ranar da za ta sa ƙafa a jami'a. A sa shi a tsohuwar ƙaramar wayar nan da na bari a cikin akwatina, a riƙa sa masa kati lokaci-lokaci kada a rufe shi. Kada a ba yara su yi wasa da ita.

Ranar rajista kuwa ka rufe shagon, ko ka bar wa Abba, ku hau Adaidaita ku tafi cibiyar da hukumar ta amince da ita. Ka tsaya a bayanta. Kafin a danna komai, ta karanta abin da ke kan allon kwamfutar da idonta, kai ma ka karanta. Tunda aikin jinya ta ce tana so, darussanta huɗu ne: Turanci wanda dole ne ga kowa, da Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji. Ka rubuta su a tafin hannunka in ta kama. Zaɓin farko a sa mata Jami'ar Bayero, ta riƙa tafiya daga gida, Inna ma hankalinta ya kwanta. Sauran guraben a cike su da kwalejin jinya da wata makarantar da ba ta da nisa, kada a bar wa ma'aikacin wurin ya cusa abin da ya zo masa a ka.

Af, na kusa mantawa, kuma shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Lalle! Za a ɗauki hoton yatsunta goma ranar rajista, a sake dubawa ranar jarrabawa kafin a bar ta ta shiga. Hukumar da kanta ta ja kunne cewa lalle yana hana na'urar karanta yatsa. Ga biki a gaba, na san 'yan matan gidan Gwaggo, sai sun zaunar da ita an zana mata har gwiwar hannu. Ka gaya wa Anti ta sa ido. In ta nace ta yi a ƙafa, amma yatsun hannu a bar su fari fat har a gama. Kada kuma wani ya ce a goge da sinadari, yana cinye zanen fatar ne ya ƙara lalata abin.

Ka ce ina na san duk wannan? Da daddare in na gama aiki nakan kwanta da waya in yi ta bin sanarwarsu har idona ya yi yaji. Akwai kuma wata baiwar Allah 'yar Zariya da take aikin jinya a wani asibiti a nan, mukan haɗu ranar hutuna, ita ta zaunar da ni ta warware mini komai. Ita ma hanyar da ta bi ke nan, ga ta yau da albashinta da mutuncinta, ba mai ɗaga mata murya.

'Yar gidan da nake aiki sa'ar yarinyar ce, ita ma bana take neman jami'a. Su nasu jarrabawa biyu ne, Ƙudurat da Tahsili, kuma Jami'ar Sarki Abdul'aziz take hari. Kullum bayan Isha uwarta za ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta riƙe agogo tana ƙirga mata lokaci, in ta yi kuskure su yi dariya tare. Ni ce mai kai musu shayi. Shekaranjiya na ajiye tiren, yarinyar ta ɗago ta ce mini shukran, tana tauna gindin biro daidai yadda tamu take yi. Na koma kicin na buɗe famfo don kada a ji ni. Ba wani abu ba ne, gajiya ce kawai. Mutanen kirki ne, albashina ba ya makara, igamata kuma an sabunta. Sanyi-sanyi ma ake yi kwanan nan, ka ce ba Jidda ba. Kada ka gaya wa Inna wannan.

Wani lokacin sai in tambayi kaina ko na kyauta da na taho. Shekara huɗu. Na bar ta tana aji biyu na ƙaramar sakandare, ko ɗaurin ɗankwali ba ta iya ba, yanzu a hoto nake ganin ta fi Anti tsawo. Amma da ban taho ba, da me za a biya makarantar? Da kuɗin awarar da nake soyawa a ƙofar gida? Waɗanda suke cewa na tsallake maraya na tafi neman duniya, ko fensir ɗaya akwai wanda ya taɓa saya mata a cikinsu?

Wannan ya kawo ni kan ɗaya maganar da na ji. Wai baffanta ya fara cewa bayan Sallah zai ba da ita, har an kai masa gaisuwa. Yaya, ina girmama shi, ƙanin ubanta ne, kuma ban ce ba shi da haƙƙi ba. Amma tun rasuwar marigayi sau nawa ya taka ya zo ya ga abin da take ci? Kai ka riƙe ta, kai ka san ciwonta. Ni ba na ƙin aure, Allah Ya kawo nagari. Sai dai a bari ta zana jarrabawar nan hankalinta a kwance, ta samu gurbi, sannan duk mai so ya zo a yi magana da sharaɗin za ta ƙarasa. Ka je ka same shi da kanka, cikin lalama, ka tafi da Kawu in ya samu sarari. Kada ka kira sunana da yawa a wurin, ka san ba ya son jin an ce ni na ce.

Ita kuma 'yar taka, ga nata. Na ji an ce ta iya kallon waya har tsakar dare. Tambaya 180 ce a cikin awa 2, 60 na Turanci, 40-40 na sauran ukun. Na buga lissafi, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Wanda bai saba ba kafin ya gama bismilla lokaci ya tafi. Maki 400 ne gaba ɗaya, kuma masu neman jinya sun yi yawa, wanda ya tsaya a 200 yana kallo za a wuce shi. A rajista a ce tana son jarrabawar gwaji, na sa kuɗinta a ciki. Kuma duk Asabar Abba ya raka ta inda ake koyon kwamfuta ta yi awa ɗaya, hannunta ya saki. Ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba in ba a hoto ba, kada ranar ta zama ranar farko. Anti ta yi haƙuri ta rage mata wanke-wanken dare na wata ukun nan, na san nauyi na ɗora mata, Allah Ya biya ta. Turarenta da abayar suna nan na ajiye, sai an samu mai tahowa.

Ban manta ba, malamin Kemistirinsu da ya ce ita ce ta ɗaya a ajin, na maimaita saƙon nan ya fi sau goma. Har matar gidan na kunna wa, ko da yake ba ta jin Hausa.

In an gama JAMB ba a gama ba. Tana buƙatar kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, shi ya sa nake so ta zana WAEC da NECO duka, in ɗaya ta ba da matsala ɗaya ta rufa. Sakamako na fitowa a koma cibiya a ɗora shi a shafinta, in ba haka ba ko ta ci maki nawa ba za a dube ta ba. Sai tantancewar da jami'a take yi da kanta, ita ma da fom ɗinta da ranar rufewa. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ma a nema tun yanzu, ta wajen ubanta za a karɓo, wani dalilin ke nan da ya sa ba na so a ɓata da baffan. Kuɗin NECO zan turo ƙarshen wata in Allah Ya kai mu. Kuɗin makaranta kuma in lokacin ya zo mu gani, na shiga adashi da matan nan, kwasata tana zuwa daidai lokacin. Bashin karatu na gwamnati da aka fara a 2024 an ce babu ruwa a cikinsa, amma ni dai ina da rai da lafiya ba na so ta fara rayuwa da bashi a wuya.

Ka yafe mini in na yi kaushi, Yaya. Ba ni da wanda zan yi wa sai kai. Na san kana da naka yaran da naka nauyin, ga kasuwa yadda ta zama. In ragowar kuɗin ya yi saura bayan rajista, ka cire dubu 10 ka sake saya wa Abba fom, su tafi tare rana ɗaya. Amma shi ma da sabon tsari, ka tsaya a kansa.

Juma'a mai zuwa in an ba ni hutu zan shiga Makka, tafiyar awa guda ce, zan yi musu addu'a su biyun a gaban Ɗaki. Ka gaida Inna, ka ce ta daina ɓoye maganin a ƙarƙashin filo, an gaya mini. Ka gaida Anti da yara, da Kawu, da Malam na masallacin layinmu.

Da zarar kun fito daga cibiyar, ka ɗauki hoton silif ɗin ka turo mini kafin ku hau mota, ina so in ga darussan da idona. Kuɗin kuma na JAMB ne, ba na anko ba.

Ƙanwarka.