Amsa ga Malamin da Ya Tambayi Inda Zuciyata Take

Malam, assalamu alaikum.

Ranar Asabar, a taron tara wa marayun unguwa kuɗin makaranta, ka karɓi lasifika ka ce tun da Alhaji ya dawo daga Bankok ba shi da zance sai kirkin masu bautar gunki, shin zuciyarsa tana tare da mu kuwa? Ka ƙara da cewa ina tausayin nasu ya shiga ranar da ake ƙona ƙauyukan Musulmin Rohingya a ƙasar Myanmar? Na yi shiru ne don ganin idon manya.

Tambayar farkon ce ta hana ni barci. Shekara 9 na yi ina sarin tufafi a kasuwar Paratunam da ke Bankok, goshina bai taɓa ƙasa don wanin Allah ba. Ka san mahaifina, ka san allon da na yi sauka da shi, ka sha kunun buɗa-baki a zaurena ba sau ɗaya ba. Ban dai ji ranar da aka danƙa maka mabuɗin zukatan bayi ba.

Abin da na faɗa a taron, da idona na gan shi. Gari na wayewa sufayen Buddha ke fitowa a jere, ƙafa ba takalmi, kai a aske, kowa rungume da kwanonsa. Ba sa roƙo, ba sa buga ƙofar kowa, kuma tsakar rana na wucewa sun rufe baki daga abinci sai gobe. Wata tsohuwa mai sayar da abinci a ƙasan benenmu takan tuɓe silifas ɗinta, ta zuba musu shinkafar farko da ta sauke, mai tururi, ta haɗa tafuka ta sunkuya. Sufin ba ya cewa na gode. Na ɗauka girman kai ne, sai ta fahimtar da ni cewa a wurinsu mai karɓa ne ya yi wa mai bayarwa alfarma, tun da ya buɗe masa ƙofar lada. Wannan kyauta ita suke kira dana. Da zazzaɓin dengi ya kayar da ni, tsohuwar nan kwana 6 tana hawa bene da farar shinkafa da dafaffen ƙwai, a tukunya dabam, don ta san ba na cin alade. Na miƙa mata kuɗi, ta ture hannuna kamar na zage ta. In ɓoye wannan don kada ranka ya ɓaci?

Batun karma ba zan ja shi ba. Kalmar tana nufin aiki, kuma a koyarwarsu niyyar da ke bayan aikin ce ke haifar da sakamako. Ban yarda da cewa ana sake haihuwar mutum bayan ya mutu ba, na kuma ga inda ake murɗa zancen: a dubi naƙasasshe a ce bashin tsohuwar rayuwarsa yake biya, ko a kama tsuntsaye a keji don masu neman lada su saya su saki.

Rohingya kuwa, ai ka tarar da ni a hanya. Daga Agustan 2017 fiye da mutum 700,000 suka tsere daga jihar Rakhine ta Myanmar zuwa Bangaladash. A shekarar ce kuma Myanmar ta zo ta ɗaya a duniya a jerin ƙasashe masu kyauta. Wani sufin Buddha na ƙasar, Wirathu, ya yi shekaru yana hura wutar ƙin Musulmi, sanye da irin mayafin da tsohuwar nan ke sunkuya wa. Amma a rikicin garin Meiktila na Myanmar a 2013, wani shugaban sufaye ɗaruruwan Musulmi ya ɓoye a gidan ibadarsa. Da wanne za mu auna addinin? Bi a hankali, Malam, don mudun da ka zaɓa, da shi wani zai auna mu da Boko Haram. Gambiya, ƙaramar ƙasa, ta kai Myanmar kotun duniya a Nuwamban 2019. Kai kuma ban taɓa jin sunan Rohingya a bakinka ba sai ranar da aka zo zancen ciro kuɗi daga aljihu.

Abin da ke cin raina ke nan. Mu da aka saukar wa zakka, aka ce hagu kada ta san abin da dama ta bayar, mu ne almajiri ke tsayawa a ƙofarmu da roba, a zuba masa ɗumamen da ya fara yami, a raka shi da tsawa. Buhun shinkafa ɗaya, sai an jera marayu an ɗauke su hoto tukuna. Wanda ya ce mu dubi kanmu, sai a hau binciken imaninsa.

Na duba takardar alkawuran ranar Asabar, ban ga sunanka ba. Wataƙila ma'aji ne ya tsallake. Yana nan a masallaci har bayan sallar Juma'a.

Wassalam.