Abba, ka taho mu yi layya a gida

Abba,

Bayan gaisuwa, muna nan lafiya, da fatan kai da iyali haka kuke. Kuɗin da ka turo sun iso, an sayo rago balami, yana nan ɗaure gindin dogon yaro. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Sai dai saƙon da ya biyo bayan kuɗin, wai bana ma a Yamai za ka yi Sallah, shi ya hana ni barci. Layya ta uku ke nan ba ka tare da mu.

Na san uzurinka. Tafiyar kilomita fiye da 600 ce, ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni har Gidan Rumji, wuni guda cur cikin mota da yara ƙanana, ga hutun kuma gajere. Ban raina wahalar ba, ni ma na sha wannan hanya.

Amma ka tuna da Hajiya, kakarka. Idonta ya yi rauni ƙwarai, da murya take gane mutum yanzu, kuma duk wanda ya yi sallama sai ta tambaya ko mai gidanta ne ya iso. In an kara mata waya a kunne ba ta jin rabin abin da kake faɗi, hannunka take so ta riƙa. Cikin waɗanda suka ga ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maraɗi har aka hauro tudu, ita kaɗai ta rage mana a dangi. Ƴaƴanka ba su taɓa jin labarin daga bakinta ba, kuma ni ba zan iya ba su shi yadda take bayarwa ba.

Su ma yaran suna da hakki. Su bi mu idi, su ga hawan Sarkin Katsina a ƙofar fada, su tambaye ka dalilin da ya sa sarkin Maraɗi yake amsa sunan Katsina. Da rana su zauna bakin wuta inda aka kafa raguna a kan itace, su ci kayan ciki, washegari a ɗora musu kwanon nama su kai gida-gida. Ta wannan aike kai ma ka san ƙofar kowane ɗan'uwa daga unguwar Bagalam har Mokoyo. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar yaro ake fara koya wa.

In ka zo, kada ka ci bashi don tsaraba ko ɗinki, abin da ya sawwaƙa ya isa. Ka ba maiɗakinka kwana guda cikakke a gidansu, ita ma ƴar wasu ce. Ka je Tibiri ka gaida Gwaggo. Maganar da ke tsakaninka da ƙanenka kuwa, na ji ta daga bakinsa, ina so in ji daga naka, ku biyu a zaure bayan la'asar.

Ka yanki tikiti tun yanzu, ka san yadda motoci ke cika in Sallah ta matso. Innarka ta sa an share ɗakin kudu, ta ce ka faɗi ranar da za ku taso don ta jiƙa geron fura.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Mahaifinka,
daga Maraɗi