Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sakataren Baitulmalin Amurka, Scott Bessent

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa. Da aka sa hannu a dokar GENIUS ranar 18 ga Yulin 2025, kun ce kuɗaɗen kirifto masu ɗaure da dala za su ƙara wa dala ƙarfi. Dokar ta wajabta a tanadi dala guda a bayan kowace ƙwayar irin wannan kuɗin, cikin kadarori irin su tsabar kuɗi, ajiyar banki ko takardun bashin gwamnati da wa'adinsu bai wuce kwana 93 ba. Mun yaba. Amma kukanmu a kan ƙofar fita yake, wato fansa: yadda mai riƙe da ƙwayar zai mayar da ita ya karɓi dalarsa.

Dillali ne ke riƙe farashin ƙwayar a kan dala ɗaya. Idan USDC, ɗaya daga cikin irin waɗannan kuɗaɗe, ta sauka senti 99, sai ya saye da yawa, ya miƙa wa Circle, kamfanin da ke fitar da ita, ya karɓi dala cikakkiya. Sayen nasa ne ke mayar da farashin mazauninsa, kuma ba zai saya ba sai ya tabbata za a biya shi yau. To kasuwar kirifto ba ta rufewa dare da rana, bankuna kuwa suna hutun ƙarshen mako.

Kun san abin da ya faru a Maris 2023. An rufe bankin Silicon Valley ranar Juma'a, dala biliyan 3.3 na ajiyar Circle suna ciki. Dandalin musayar kirifto na Coinbase ya dakatar da canza USDC zuwa dala, dillalai suka janye hannu, ranar Asabar farashi ya faɗo ƙasa da senti 90. Wa ya yi asara? Ƙaramin mai riƙo da ya firgita ya sayar. Wanda ya saye a araha ya kwashi riba bayan gwamnati ta lamunce wa masu ajiyar bankin ranar Lahadi. A Tether ma, wani kamfanin da ke fitar da irin wannan kuɗin, wanda abin da zai fansa bai kai dala 100,000 ba, ba ya iya fansa kai tsaye.

Ciwon ɗaya ne da na asusun ETF (asusun zuba jari da ake cinikin hannayensa a kasuwar hannun jari) na takardun bashin kamfanoni a Maris 2020, lokacin da hannayen jarinsu suka riƙa tafiya ƙasa da darajar abin da ke ciki, har Babban Bankin Amurka ya shigo saye.

Don Allah, ƙa'idojin aiwatar da dokar su yanke wa'adin biyan fansa da sa'o'i, har da Asabar da Lahadi. A ƙayyade kason ajiyar da banki ɗaya zai riƙe. A kuma tilasta wa kowane kamfani ya bayyana dillalai nawa ne ke iya fansa kai tsaye a wurinsa.

Naku,
Wasu masu nazarin kasuwannin kuɗi