Gaisuwar Sallah daga Holan

Assalamu alaikum, Hajiya.

Barkanmu da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

A nan ko hutu ba a bayarwa. A cikin masallaci muka yi idi da 'yan Maroko da Turkawa, ana sallamewa kowa ya haye kekensa sai wurin aiki. Wai bikin sukari suke kiran ranar. Ni na nemi hutu, amma zaman ɗaki ya gagare ni, sai na shiga jirgin ƙasa zuwa Amsatadam da sabuwar shaddar da kika aiko. Ƙasar ƙarama ce, tafiyar Kano zuwa Zariya ta isa ta fitar da mutum daga cikinta.

Na shiga babban gidan tarihinsu, Rijksmuseum. Ki ɗauka Gidan Makama ne, sai dai zane-zane sun fi yawa. Akwai wani na shahararren mai zanensu Rembrandt, na shekarar 1642, ya cinye bango guda: masu tsaron gari da bindigogi da masu, har da mai ganga. Sai na ga kamar 'yan bindigar Sarki ranar Hawan Daushe, ƙamshin albarushi kawai ya rage.

Amma wanda ya riƙe ni ɗan ƙarami ne, bai kai faifanki na tankaɗe biyu ba. Wani mai zanensu, Vermeer, ya zana shi wajen 1660. Wata baiwar Allah ce tsaye a gefen taga, riga ruwan ɗorawa, tana tsiyaya madara a kasko, a hankali, idonta na kan abin da take yi. Hajiya, haka kike sunkuyar da kai in kina dama fura. Na daɗe a gabansa har mutane suna raɓa ni suna wucewa. Furarki nake gani a ƙwarya bayan an sauko daga idi, mai citta da kanumfari, da kindirmon da Bafullatanarmu take kawowa, ludayi yana zagayawa. Suna da wata madara mai tsami a kantuna, karnemelk, ta ɗan yi kama da tsala. Na saya a hanyar dawowa. Ba gero, ba gaya, haka na kurɓe ta a tsaye.

Lafiyata ƙalau, sanyi ma ya yi sauƙi, kada ki sa damuwa a ranki.

A gaishe min da Baba, a ce ina neman albarka. Gwaggo kuwa a zauna a gaishe ta da kyau, a tambayi ƙafarta, a gaya mata maganin shafawar yana hanya, ban manta da goron Sallar da take ƙulle min a bakin zane ba. Yaya da iyalinsa, Kawu, maƙwabta duka. Auta ta ɗauko min hoton hawa gobe, ta tsaya kusa da Ƙofar Kudu, kuma ta sha furar da ke rabona.

Ɗanki.