Hutun yara a Bronx, ni ce na sha wuya

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya, ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya kuma zafi, na san yanzu Kano ana can ana kwana a tsakar gida ana fifita. Ki gaishe min da Baffa da duk yaran gida har da masu cewa na manta da su.

Na ga saƙonki wai na yi shiru sati guda ko muryata ba ku ji ba. Yaya ki yi haƙuri, hutu aka ba yara, na sati ɗaya ne a watan Afrilu, sifirin birek suke ce masa, lokacin da sanyi ya fara sakin mutane itatuwa suna fitar da fure, ni dai abin da na samu a furen nan atishawa ce da ƙaiƙayin ido. Kar ki ji an ce hutu ki ɗauka irin namu ne da za a kwashe yara a kai gidan kaka ko a sake su a layi su yi ta langa da 'yar gala-gala sai an kira magariba. Mu nan unguwar Bronx a birnin Niyok hawa na biyar muke, ba tsakar gida ba zaure, kuma ba ki isa ki kulle ƙananan yara ki tafi aiki ba, waya ɗaya maƙwabci zai buga ki ga hukuma a bakin ƙofa. Sai da na roƙi wata 'yar zangon Kumasi da muke aikin kula da tsofaffi tare ta riƙe min kwana uku, baban Abba shi ma ya rage tuƙin dare. Ga ci kuma, don makarantun gwamnati a Niyok kyauta suke ba yara karin kumallo da abincin rana, to da aka yi hutu duk ya dawo kaina, Abba kaɗai sai ya buɗe firij sau goma kafin azahar.

Litinin laburaren unguwa na kai su, katin kyauta ne, aka karanta wa su Auta labari, Ummi ta aro littattafai shida wanda har yau biyu ta buɗe.

Laraba ce babbar rana, muka je gidan zoo na Bronx. Ranar Laraba ana shiga ba kuɗi amma sai kin kama gurbi ta intanet tun Litinin da yamma, kuma kamar rabon kayan sadaka ake wawashe shi, ina tsaye ina tuƙa tuwo da hannu ɗaya waya a ɗaya hannun har Allah ya ba ni sa'a. Yaya kin tuna zoo ɗinmu na Kano da Baba yake kai mu da sallah? To wannan eka 265 ne, tun 1899 aka buɗe shi, mun yini muna tafiya ko rabi ba mu zaga ba, ni da na saka takalmin gayu sai da na raina kaina. Wasu wuraren a ciki kamar wajen gwaggon biri sai an ƙara kuɗi, na ce mu wuce, biri dai mun san shi. Mun ga zaki yana ta barci ko kallonmu bai yi ba, mun ga raƙumin dawa, amma inda abin ya taɓa ni wajen kura ne. Na ce Auta zo ki ga kura, wadda Gizo yake yi wa wayo a tatsuniya, sai yarinyar nan ta kalle ni ta ce da Turanci wai wane ne Gizo. Wallahi Yaya sai da jikina ya yi sanyi, mu da ba ma barci sai Inna ta ce ga ta nan ga ta nanku. A nan kan benci na zaunar da su na yi musu ta Gizo da Ƙoƙi, rabi Hausa rabi Turanci, ina yi ina mantuwa ina ƙirƙira, Abba yana ta dariya wai Gizo ɗan damfara ne. Da daddare su da kansu suka ce a ƙara, sai na ga ashe uku kawai na riƙe.

Alhamis muka hau jirgin ƙasa mai lamba 4 har ƙarshen Manhattan, kuɗin shiga wajen dala 3 ne kowane mutum, Auta ba a biya mata don ba ta kai tsawon inci 44 ba. Daga nan muka shiga jirgin ruwan Staten Island, ƙato ne mai ruwan lemo, shi ma kyauta, minti 25 ya tsallaka kuma ta gaban gunkin matar nan mai riƙe da wuta yake wucewa, wanda Faransa ta ba Amurka aka buɗe shi a 1886. A bakin tashar akwai masu tare mutane suna tallan tikitin wasu jirage, in baƙuwa ce ke sai ki biya kuɗi a banza, ni dai na ja yarana na wuce. Iskar kan ruwan nan kuwa kamar hunturun Janairu, saura kaɗan ta tafi min da mayafi, Ummi ta ƙanƙame ni tana salati. Da ma na soyo dankali da ƙwai na dama kunun gyaɗa a fulas, don in kika biye wa abincin waje kyautar ta tashi a banza.

Juma'a baban su ya kai Abba masallaci, mu muka zauna wanki. Sun so a je bakin ruwa na Orchard Beach na ce sai zafi ya shigo.

Yanzu ga roƙona. Dan Allah in kin je gida ki zaunar da Inna ki ɗaukar min muryarta a waya tana tatsuniya, ko guda biyar ne, ta Gizo da ta Dodo da duk wadda ta tuna, kar ki bari ta ce kunya take ji, ki ce jikokinta ne suka aiko. Dogon hutunsu daga ƙarshen Yuni ne zuwa farkon Satumba, muna ta lissafin kuɗin jirgi na mutum biyar, kar ki faɗa wa Inna tukuna kar ta sa rai. In an samu mai tahowa a haɗo min da kuka da daddawa da yaji, kuɓewar da kika aiko waccan karon har yanzu da saura.

Taki ƙanwa,
Maman Abba