Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu ta Mata Teloli na Shekarar 2020

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiya Shugaba, iyayen ƙungiya, yayyena da ƙannena abokan sana'a, barkanmu da sake ganin juna. A Disamba muka saba karanta wannan rahoto, bana kuwa sai a Fabrairun 2021 Allah ya nufa. Kafin komai mu tuna da waɗanda muka rasa a shekarar annobar korona. Da wuya a samu wadda ba ta karɓi gaisuwa ko ta yi wa wata ta'aziyya ta waya ba tsakanin Afrilu da Mayu, lokacin da dattawan Kano suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, ga shi ba halin zuwa zaman makoki. Allah ya jiƙansu, ya kyautata tamu idan ta zo.

Lissafin shiga da fita yana hannun Ma'aji, za ta karanta shi bayan na zauna. Nawa shi ne in faɗi abin da muka yi da hannunmu, da inda muka yi kuskure, da abin da ke gabanmu.

Yadda shekarar ta juya mana

A taron Janairu mun tsara abubuwa uku: ɗaukar sababbin 'yan mata koyon ɗinki, haɗa kuɗi mu saro atamfa da shadda a Kantin Kwari kafin azumi ya sa su yi tsada, da gyaran kekunan da suka daɗe a jingine. Gyaran kekuna kaɗai muka kammala kafin al'amura su canza.

Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas. Da yawanmu mun ɗauka abin na nesa ne. Ranar 11 ga Afrilu aka samu na farko a Kano, ranar 16 gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, sannan a jawabinsa na 27 ga watan Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu. Azumi kuwa ya kama tun 24 ga Afrilu. Kowa a nan ta san azumi shi ne kakar tela. Da shi ake biyan haya, da shi ake kuɗin makarantar yara. Bara kekuna suka yi tsit, kayan sallar mutane na jibge ba mai zuwa awo, ba mai zuwa karɓa.

A wannan jawabin ne dai aka ce sa takunkumin rufe baki da hanci a bainar jama'a ya zama dole, aka kuma nemi jihohi da masu hali su taimaka a ɗinka na yadi a cikin gida, domin na asibiti bai wadaci ko ma'aikatan lafiya ba, a kemis kuma ya yi tsadar da talaka ba zai iya saye kullum ba. Kwamitin zartarwa ya tattauna ta WhatsApp, muka yanke shawarar ƙungiya ta shiga wannan aiki, kowace a ɗakinta da kekenta.

Ɗinkin farko da gyaran da muka yi

Dole in faɗi gaskiya, takunkuman da muka fitar a makonnin farko ba su kai ba. Mun ɗauki abin kamar kwalliya. Ƙyallayen atamfa da suka rage muke yankawa falle ɗaya, mu kalmashe, mu sa roba. Wasu masu kawo ɗinki ma cewa suke a yi musu wanda zai shiga da kayan sallarsu, har da na leshi. Wasu daga cikinmu, don neman kauri, suka manna gam irin wanda muke sa wa wuyan riga, ya fito da kyau a ido amma ba ya numfasuwa, ga zafin Afrilu da Mayu, ga ƙishin azumi. Mutum ya sa minti kaɗan sai ya janye shi ƙasan haɓa.

Wadda ta farkar da mu 'yar ɗaya daga cikin iyayen ƙungiya ce, ma'aikaciyar jinya. Ta zo gaida mahaifiyarta ta tarar da tulin waɗanda aka gama a kan tabarma. Ta ɗauki guda ta ɗaga shi sama ta fuskanci hasken tsakar gida, ta ce, "Umma, dubi nan, ina hango igiyar shanya ta cikinsa. Abin da ido ya ratsa, feshin tari ba zai gagara ratsawa ba." Ta kunna ashana ta ba ƙanwarta, ta ce ta sa takunkumin ta hura. Hurawa ɗaya wutar ta mutu. Mahaifiyar tata ta kira ni a daren, muryarta ba daɗi, ta ce, "'Yar nan, kada mu sayar wa mutane abin da za su ɗauka kariya ce alhali ba ita ba ce. Allah zai tambaye mu." Washegari muka tsayar da ɗinkin falle ɗaya, waɗanda ke hannu muka farke muka ƙara musu shafi.

Ranar 5 ga Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar takunkumin yadi, ita muka riƙe har yau. Falle uku ne. Na ciki, mai taɓa baki da hanci, ya zama auduga mai tsotse danshi, kuma fari ko mai haske ya fi, don a ga datti da wuri. Na tsakiya shi ne matata, yadin nan mara saƙa irin wanda ake yin jakar rabon kayan biki da shi. Na waje kuma yadin roba ko mai haɗin roba, wanda ruwa ba ya saurin shiga. Dalilin haɗa su shi ne cutar tana tafiya a cikin feshin da ke fita daga baki da hanci idan mutum ya yi tari, ko atishawa, ko ma magana kawai. Falle na ciki ya riƙe naka, na waje ya tare na wani, na tsakiya ya tace abin da ya kuɓuce. Yadi mai talewa an hana shi, domin da an ja shi a fuska ƙofofin saƙarsa sai su buɗe.

Sauran abubuwan kuwa aiki ne ya koya mana. Sabuwar atamfa a wanke ta kafin a yanka, in ba haka ba warin rini da sitati za su hana mutum sakat, kuma ta tsuke bayan wankin farko. Da roba ta yi wuya saboda rufe kasuwanni, muka koma yanka tsohuwar singileti mai tsabta siriri siriri. Da an ja sai ta naɗe kanta ta zama igiya mai laushi da ba ta cin bayan kunne. Masu tabarau sun yi ta kukan tururi na rufe musu ido, sai muka riƙa zura 'yar waya mai lanƙwasuwa a cikin kalmasar sama, a matsa ta bi karan hanci. Tururin da ke hawa tabarau ai alama ce iska na fita ta sama, ba ta bi ta cikin yadin ba.

Abin da na fi alfahari da shi shi ne na hijabi. Takunkumin kunne ba don mu aka yi shi ba. Mace na cikin adaidaita sahu ko layin asibiti, ba za ta tsaya ta cusa hannu cikin hijabi tana laluben kunne ba, shi ya sa mata da yawa suka bar shi a jaka. Wata ƙanwarmu da ba ta fi shekara biyu da yaye daga koyo ba ita ta kawo shawarar a yi mai zariya biyu, a ɗaure ta bayan kai a saman hijabin, ko mai roba mai faɗi da ke zagaye ƙeya. Shi ya fi kowane fita a hannunmu. Maza masu gemu ma shi suka koma nema, muka ƙara masa tsawo da tattara don ya rufe haɓa.

Na yara mun yi ƙanana lokacin da 'yan ajin ƙarshe suka koma makaranta a Agusta don jarrabawar WAEC, sai kuma a Oktoba da aka buɗe sauran azuzuwa. Amma mun ƙi ɗinka wa jarirai da 'yan ƙasa da shekara shida duk da iyaye sun nema. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a Agusta ita ce kada a tilasta wa ɗan shekara 5 zuwa ƙasa, ɗan 12 zuwa sama kuma ya sa kamar babba. Haka nan duk wanda ya zo mana ya haura shekara 60, ko mai ciwon suga, ko hawan jini, ko wanda ke jinyar mai tari da zazzaɓi a gida, mun riƙa gaya masa na asibiti ya fi dacewa da shi. Mun rasa ciniki a nan, ba mu yi nadama ba.

Wanki da sake amfani

Nan ne gizo ke saƙar. Takunkumi mai kyau da ba a wankewa ƙazanta ce mutum ya ɗaure a hancinsa. Mun ga wanda ya kwana bakwai a aljihu tare da kuɗi da goro. Mun ga masu talla a danja suna miƙa wa mai saye ya gwada a fuskarsa, in bai yi masa ba ya mayar a ba na gaba. Ni da idona na ga samari a ƙofar wani banki suna ba da aron takunkumi guda, wanda ya fito ya cire ya miƙa wa mai shiga, don kawai mai gadi ya bar shi ya wuce. Ranar ban iya yin shiru ba, na buɗe jaka na raba musu waɗanda ke hannuna.

Saboda haka muka daina sayar da guda ɗaya, sai bibbiyu a ƙulle cikin leda, ɗaya a fuska ɗaya a igiyar shanya. Kowace leda kuma muka sa 'yar takarda da Hausa, ta boko da ta ajami, ga abin da ta ƙunsa: a wanke hannu kafin a sa, ya rufe hanci da baki da haɓa, a cire ta igiya, kada a kama gabansa, in ya jiƙe da gumi a canza, a wanke kullum da sabulu ko omo da ruwan zafi, in babu ruwan zafi a wanke da na sanyi sannan a tafasa shi minti ɗaya, a shanya a rana, a goge, ba a aron takunkumi ko tsakanin miji da mata. Muka ƙara da cewa shuɗin nan na asibiti ba a wanke shi, sau ɗaya ake sawa a yar, kuma a tsinke igiyarsa kafin a jefa a shara don kada wani ya tsinta ya sake sayarwa. Mai 'yar ƙofar numfashi a gefe ma mun ce a guje shi, tunda iskar mai shi tana fita ba tacewa.

Wani abin da ya ba mu wuya shi ne sunan kansa. Wani dattijo a unguwarmu ya ce da ni, "Hajiya, takunkumi ai na jaki ne da raƙumi, ni ba dabba ba ne." Ga yara na bin titi suna "babu korona". Musu ba ya kai ko'ina, sai muka canza salo. Muka riƙa tuna wa dattawa cewa amawali ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, manyanmu sun daɗe suna rufe baki da rawani, kuma wanda ya sa takunkumi tsohuwarsa da ke gida yake karewa. Wannan maganar ta fi shiga. Ina miƙa godiya ga malaman Islamiyya mata da suka ba mu dama muka yi bayani bayan an koma karatu.

Mun kuma ware wani kaso daga kowane ɗinki muka raba kyauta ga masu adaidaita sahu, da 'yan garuwa, da masu share masallatai, da zawarawan unguwa.

Abin da bai yiwu ba

Ɗaukar sababbin 'yan koyo bai yiwu ba, ba mu ga dacewar tara 'yan mata a ɗaki guda ba. Sarin haɗin gwiwa ma ya sha ruwa, kuɗin ya tafi wajen tallafa wa mambobin da kulle ya fi shafa. Adashe ya tsaya wata uku kafin a ci gaba. Akwai kuma wani ɗan kwangila da ya ba mu aiki mai yawa da sunan za a raba wa jama'a, ya karɓi kaya, har yau rabin kuɗin ɗinki bai fito ba. 'Yan'uwan da suka kwana kan keke da fitilar caji su ne abin ya faɗa wa. Laifinmu a ciki shi ne mun karɓi aiki da baki, ba rubutu ba shaida. Kwamiti na bin maganar ta hannun mai unguwa, kuma daga yanzu ba wadda za ta yanka yadi da sunan ƙungiya sai an rubuta yarjejeniya an ba da kafin alƙalami.

Wani abin da ya dame ni, tun da aka ɗage kulle a farkon Yuli wasunmu suka koma ɗinkin falle ɗaya a ɓoye saboda ya fi sauri kuma ya fi riba. Na san halin da ake ciki, na san buhun shinkafa da masara ba yadda suke a da ba. Amma mai saye ya yarda da mu ne, ba zai farke ɗinki ya duba ciki ba.

Abin da ke gabanmu

Cutar ta sake tasowa tun Disamba, kuma ranar 26 ga Janairun 2021 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar da ta tilasta sa takunkumi a kasuwa da tasha da wuraren ibada, har da hukunci ga wanda ya ƙi. Ga kuma ƙurar hunturu da ke tayar wa masu asma ciwo. Ke nan buƙata ba ta ƙare ba. Kwamiti na kawo shawarwari uku gaban taro: a saro yadin tsakiya da roba a dunƙule don ya zo wa kowa da sauƙi, a naɗa mata biyu daga cikin iyayen ƙungiya su riƙa duba ɗinki kafin ya fita da sunanmu, a dawo da koyarwa rukuni rukuni a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, darasin farko ya zama takunkumi mai falle uku.

Taron wata mai zuwa a gidan Hajiya Shugaba ne bayan la'asar. Kowace ta zo da takunkumi biyu na ɗinkin hannunta, za mu farke ɗaya a gaban kowa mu duba cikinsa.

Wassalamu alaikum.

Sakatariya, a madadin Kwamitin Zartarwa