Tsohuwar motarka da ka sani, ko 'yar Kwatano da ba ka san tarihinta ba?

Assalamu alaikum Edita.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu mota da ke shirin rabuwa da tsohuwarsu don ta fara yawan zuwa gareji. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuɗin mota da kuɗin fitonta a kwastam suka haura tare, domin da dala ake lissafa su. Abin da yawancinmu ke kira sabuwar mota kuwa ba sabuwa ba ce. 'Yar Kwatano ce ko 'yar Beljiyam da wani ya mora shekara goma ko fiye a Amurka ko Turai. An yi mata fenti, an wanke injin yana ƙyalli, wani lokacin ma an mayar da lambar kilomita baya. Ka ga ke nan tsohuwa za ka bayar ka karɓi tsohuwa, ka kuma cika kuɗi.

A ganina shekarun mota ba su ne abin dubawa ba. Fara da shasi. A ɗaga motar a rami, a haska ƙasanta da tocila, a ƙwanƙwasa inda shokazoba ke zama da inda ƙafafun ke ɗaure. In ƙarfen yana ɓarɓashewa kamar busasshen ganye, ko an taɓa yanke shi an yi walda bayan hatsari, sayar da ita kawai, wannan ba ya gyaruwa yadda za ka ɗauki iyali hankali kwance. Motar da ta yi zamanta a Arewa ba kasafai take wannan tsatsar ba saboda bushewar iskarmu. Wadda ta zo daga Kanada, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ita ce abin tsoro.

Sai inji, kuma a nan ne ake yawan yin asara ba dalili. Ɗauki Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ, lita 1.8. Sarƙa ce ke riƙe taimin ɗinta, wato daidaiton motsin bawul da fistan, ba bel ba, kuma juyen baƙin manta bai wuce lita huɗu da ɗan ɗoriya ba har da filta. Ciwon da aka san na farko-farkonsu da shi shan baƙin mai ne: ƙananan ramukan da mai ke komawa ta cikinsu a jikin fistan sukan toshe da dauɗa, ringi ya maƙale, shuɗin hayaƙi ya fara fita a salansa. Da an ga haka sai a ce inji ya mutu. Kafin ka yarda, sa a gwada matsin kowace silinda da ma'auni. In huɗun sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba, injin nan yana da sauran rai. In ɗaya ta faɗi, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi a sake gwadawa. Matsin ya tashi, ringi ne. Bai tashi ba, a nemi bawul ko gaskit. Duk waɗannan gyara ne mai iyaka, kuma kayansu na nan a Ƙofar Ruwa da Fanteka.

Abin da ke kashe injinan nan da gaske zafi ne, kuma sau da yawa da hannunmu muke jawo shi. Bakanike ya cire tamostat, abin da ke tare ruwan lagireto har inji ya ɗumama, ya ce ai ƙasarmu da zafi, ya haɗa fanka kai tsaye tana juyawa dare da rana. Alhali tamostat ɗin Toyota sai ruwa ya kai wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma a wannan ɗumin aka tsara injin ya yi aiki. In ya zauna da sanyi, kwamfutar motar sai ta yi ta ƙara masa fetur, ka riƙa kuka da shan mai. Ga kuma ruwan rijiya da ake ɗurawa a lagireto, wanda ke barin tsatsa da farin dutse har bututun su toshe. Ranar da allura ta hau ja ka ci gaba da tafiya, kan silinda na alminiyam ne, zai lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ka buɗe murfin mai ka ga ya koma kamar shayi da madara. Ruwan sanyaya inji na jarka da sabon murfin lagireto sun fi wannan araha nesa ba kusa ba.

Masu Peugeot 406 su kuma su riƙe lissafin bel ɗin taimin. In ya tsinke ana tafiya, fistan zai daki bawul ya lanƙwasa su. A sauya shi tare da famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin lokaci guda.

Giya mai sarrafa kanta ita ce inda nake cewa a yi tunani sau biyu. Zaro sandar gwajin man giya ka shafa a farar takarda. Ja mai haske lafiya lau. Baƙi mai ƙauri, ga jinkiri ko bugu in ka sa D, to faifan ciki sun ci. Kowace giya da nata man: T-IV ga waccan Corolla, na Honda ga Accord ɗin da ake kira End of Discussion. Man giya na kan tebur a bakin titi ya kashe giyar da ba ta da iyaka. In inji da giya suka taru suna neman sauyi a mota ɗaya, ga bodi ya gaji, a nan kam sayarwa ta fi.

Shokazoba, bushin, birki, batir da taya ba dalilin sayar da mota ba ne, wadda za ka sayo ma tana jiransu. A rubuta abin da aka kashe a wata goma sha biyu, a ajiye shi kusa da cikon da dillali ke nema. A riƙa juye kowane kilomita 5,000, a kuma duba filtar iska duk mako biyu lokacin hunturu.

Wanda kuma ya ƙudurta sai ya sauya, ya ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 ya bincika tarihinta a intanet, ya ɗaga kafet ya shinshina ko ambaliya ta taɓa cin ta, ya leƙa ƙasa ya tabbata ba a sace abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi ba, sannan ya je da nasa bakaniken, ba na dillali ba.

Na gode Edita.

Daga wani bakanike, Kano.